Ranar da Nasrullahi Ya Sauke Tsohon Kanar

Duk wanda ya taɓa shiga motar safe daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ya san Nasrullahi. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Tun daga tasha yake buɗe baki. Kafin a kai Ambursa ya riga ya gaya wa fasinjoji yadda ya taɓa tayar da wata kwamfuta da Turawan da suka ƙera ta suka riga suka yi wa sallar gawa. Kafin a shiga Argungu kuwa Turawan sun biyo shi har Gwadangaji suna roƙon ya koya musu, shi kuma ya ce ba shi da lokaci.

Gaskiyar magana, a Gwadangaji ɗin shagon cajin waya ya yi, yana tura wa mutane waƙoƙi. Daga nan wani kawunsa ya samo masa aiki a injin casar shinkafa na ƙungiyar manoma da ke Argungu, inda yake goge ƙura a ɗakin kwamfuta da sa wa firinta takarda. Abu ɗaya yake so a duniya, a kira shi Injiniya. Ya rubuta a bayan wayarsa, ya sa an ɗinka masa a aljihun riga, amma a banza: daga direbobi har masu dako, Nasiru Mai Caji suke ce masa.

Injiniyar gaske ita ce Titilope, 'yar wani ɗan kasuwa Bayerabe da ya daɗe a Birnin Kebbi. A nan aka haife ta, kuma in tana zuba Hausar Kabi sai ka rantse kakanta masunci ne. Ranar da za ta tafi hutun haihuwa ta tsayar da Nasrullahi gaban baƙin akwatin ƙarfen da ke gurnani a ɗakin sanyi.

"Nasiru, ka ga wagga na'ura? Guda ce, amma mai masauki ce. Cikinta akwai wasu kwamfutoci ukku da ido bai ganinsu, su ne baƙinta. Guda na riƙe da sikelin awon motoci, guda na aika wa manoma saƙon waya, guda na lura da kyamarori. In ta tsaya, duk sun tsaya."

"Anti Titi, wa kike gaya wa? Ni da na..."

"Kai nike gaya wa. Can cikin ƙwaryarta akwai abin da ke ba kowa oda, shi ake ce ma kanar. Za ta riƙa nuna ma cewa sabo ya hito. Ka ƙyale ta. Ka goge ƙura, ka rufe ƙohwa."

A nan ne fa Turawa suka yi mana tsiya. Sunan da suke kiran ƙwayar cikin kwamfuta da wanda suke kiran hafsan soja, a rubuce daban suke, amma a baki ɗaya ne sak. Shugaban ƙungiyar manoman kuwa, wanda ya kafa injin, tsohon soja ne, Kanar Dikko mai ritaya, dattijon da in ya yi gyaran murya har tantabarun kan rufi sai sun nutsu. Shi ya miƙa wa Nasrullahi mabuɗin ɗakin da hannunsa, ya ce, yana nufin Titilope da ya ɗauka kamar 'yar cikinsa, "In ɗiyata ta dawo ta iske komi lahiya, ni da bakina zan kira ka Injiniya gaban jama'a."

To, ka ji abin da ya hana Nasrullahi sukuni. Goge ƙura ai ba ya sa a yi wa mutum tafi. So yake Titilope ta dawo ta tarar na'urar ta fi yadda ta bar ta, ta riƙe baki.

Ranar sunan jaririn Titilope, Kanar da manyan ƙungiya duk suka tafi Birnin Kebbi. Lokacin girbin shinkafar rani ne, rana tana dukan mutum kamar da gayya, motocin shanshera daga Augie da ƙauyukan fadama sun yi layi har bakin titi suna jiran awo. Nasrullahi ya shiga ɗakin sanyi, ya zauna a kujerar Titilope, ya juya ta hagu, ya juya ta dama. Ga sanarwar nan a fuskar kwamfuta: sabon kanar ya fito.

"Haba," in ji shi, "tsoron mata ke nan. Ana ga sabo, wa ke zama da tsoho?"

Ya danna. Rubutu ya yi ta gudu, shi kuwa yana gyaɗa kai kamar yana karantawa. Da na'urar ta ce saura a kashe a kunna, daɗi ya kama shi har ya miƙe ya taka 'yar rawa. Aiki irin wannan a ɓoye shi? Ina! Ya buɗe wajen aika saƙo, wanda ke shiga wayar kowane manomin ƙungiya, ya rubuta: "Albishirinku jama'a. Yau an sauke tsohon kanar, an ɗora sabo mai jini a jika. Injiniya Nasrullahi." Ya tura, sannan ya kashe ya kunna.

Na'urar ta tashi lafiya lau. Baƙon saƙo ya farka, baƙon sikeli ya farka. Da aka zo kan na kyamarori sai komai ya ƙame. Ya ja linzamin kwamfuta, kibiyar da ke kan allo ba ta motsa ba. Ya buga madannai, shiru.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maigandi ne mai kula da sikeli, gumi har cikin idonsa.

"Mai Caji, mi ya hwaru? Ga tirela bisa sikeli, allo ya tsaya kan nauyin akuya."

"Injiniya," in ji Nasrullahi. "Kuma ba tsayawa ya yi ba, tunani yake. Sabon shiga ne, sai ya san gida."

"Ya yi tunanin da sauri, direbobi sun hwara zage-zage."

Maigandi na fita Nasrullahi ya danne maɓallin wuta, ya sake kunnawa. Abin da bai sani ba, baƙon saƙo ba ya samun damar tabbatar da cewa ya gama aikinsa kafin a ƙame, don haka duk farkawar da ya yi sai ya ɗauka bai aika ba, ya sake turawa. A waje wayoyi suka yi ƙara gaba ɗaya. Na'urar ta kai kan kyamarori, ta sake tsayawa cak. Ya ƙara kashewa, wayoyi suka ƙara ƙara. Tasa wayar ma ta ɗauki ruri, sunan Anti Titi a jiki. Ya kife ta a kan tebur. Ya ɗauka ya ce mata me? Injiniya ba ya neman taimakon mai jego.

Sai ya tambayi intanet. Ya kwatanta ciwon da guntun Turancinsa, aka ba shi sunan cutar, ya sa wayar ta fassara masa. Kalma ɗaya ta fito: daskarewa.

Nasrullahi ya dubi na'urar sanyaya ɗaki, ya dubi akwatin, ya tafa hannu.

"Allahu akbar! Sanyi! Shekara da shekaru an kulle baiwar Allah cikin ƙanƙara. Tsohon ya saba, sabon kuwa ɗan zahi ne!"

Ya kashe na'urar sanyi, ya wangale taga, iskar Argungu ta shigo kamar an buɗe tanda. Ya ɗauko sallayar Titilope ya lulluɓe akwatin. Bai ga alamar narkewa ba, sai ya garzaya bakin ƙofar injin, wajen Inna Kulu mai tuwo da soyayyen kifi, wadda duk labarin da ya shiga rumfarta da safe, kafin azahar ya kai bakin gulbi.

"Inna, ara min kaskon garwashinki."

"Cikin wanga zahi? Wa ya haihu?"

"Na'ura ce ta daskare."

"Daskare? Ni nan man gyaɗata tahwasa yake shi kaɗai cikin kwalba!"

"Inna, wannan ilmi ne, ba suya ba."

"To mu je in ga ilmin, kaskona bai zuwa inda ban sani ba."

Ta biyo shi da kaskon, Maigandi ya biyo ta, direbobi biyu suka biyo Maigandi don sun ji ana cewa ɗakin akwai sanyi. Suka tarar babu. Nasrullahi ya ajiye garwashi a gindin akwatin, ya karɓi mafici yana fifitawa, yana yi musu bayani kamar malami a aji.

"Kun ga, ita mai masauki ce. Akwai baƙi ukku cikinta da ido bai ganinsu."

Inna Kulu ta ja da baya ta dafe ƙirji. "Baƙin da ba a gani? Kuma kake zama da su kai ɗaya? A'uzu billahi! Ashe shi ya sa kake magana ba birki."

Kafin ya hana ta, ta kwance gefen zane ta watsa wani turaren tsari cikin garwashin. Hayaƙi ya turnuƙe. Fankokin cikin akwatin suka ɗauki kuka, sama-sama, har tebur na rawa.

"Kun ji ko?" in ji Nasrullahi yana tari. "Ta hwara warkewa. Jini ya soma gudu."

Ya kashe, ya kunna. Wayoyi suka yi ƙara a aljihun kowa. Wannan karon na'urar ba ta ma kai inda take kaiwa ba, ta watso farin rubutu a baƙin allo ta tsaya. Nasrullahi ya haska layin ƙarshe da wayarsa, fassara ta fito, shi kuwa don a san yana gane abin ya karanta da ƙarfi:

"Kanar ya firgita."

Inna Kulu ta gyara ɗaurin kallabi ta fice, ko kaskon ba ta waiwaya ba.

Da ma a waje an riga an kasu. Manoma na ta nuna wa juna saƙon, wanda ya shigo sau ba adadi, kuma kowa ya san abin da aka nanata haka ba wasa ba ne. Wasu na cewa ai an daɗe ana shirya wa dattijon, an bari ya tafi suna ne aka yi masa juyin mulki. Wasu na cewa wallahi ba su yarda ba, mutumin da ya kawo musu injinan ban ruwa? Sai ga Inna Kulu da sabon labari mai zafi: Kanar ya firgita, da kunnenta ta ji, kwamfuta ce ta faɗa.

"To wai wane ne sabon?" wani tsoho ya tambaya.

"Karanta ƙasan saƙon mana. Sunan wa ka gani?"

Da Nasrullahi ya leƙo shan iska, ido jajur don hayaƙi, sai ya ga tsakar injin ta cika. Wani direba ya ƙame ya sara masa. Wani maroƙi da ya zo neman ɗan abin cefane ya ga kasuwa ta buɗe, ya ɗaga murya: "Sabo mai jini a jika! Na Gwadangaji, ka kwana Mai Caji ka tashi shugaba!"

Nan ne fa ya kamata bawan Allah ya ce jama'a ku tsaya, ba haka ba ne. Ya buɗe baki da niyyar faɗa, Allah ya sani. Amma tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa sara masa ba, kuma abin akwai daɗi. Sai kawai ya ɗaga hannu ya ce, "A yi haƙuri, ana kan gyara. Tsoho ya yi iya nasa."

"Ranka ya daɗe, batun takin bana hwa?"

"Za a duba."

"Layin awo a riƙa hwarawa da na Augie!"

"An hwara."

Yana cikin rabon alkawari sai jama'a suka dare gida biyu. Wata tsohuwar mota ruwan toka ta shigo a guje ta ci birki gaban sikeli. Kanar Dikko ya fito da babbar rigar suna, sanda a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Tun yana cikin cin shinkafar suna mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe masa hannu, suna cewa ya ɗauki ƙaddara, mulki na Allah ne. Maroƙin nan yana hango shi ya juya ba tare da ya sauke numfashi ba: "Tsoho mai ran ƙarfe! Dikko ba ka gudu, ba ka firgita!"

Kanar ya tako har gaban Nasrullahi. Bai ɗaga murya ba.

"Ina sabon?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba:

"An ce an sauke ni. Na zo in miƙa mulki. An kuma ce na firgita. Ni, da na kwana cikin ramin yaƙi ruwa har wuya. Wa ya gan ni ina firgita?"

"Kwamfuta ce ta hwaɗi, ranka ya daɗe," in ji Inna Kulu daga bayan mutane. "Shi ya karanta muna."

Nasrullahi ya so ya yi bayani. Kalmomin suna nan, mai masauki, baƙi, ƙwaya, amma bakin da ke aiki daga tashar Birnin Kebbi har Argungu ba hutu ya ƙi buɗuwa. Hannunsa na sama inda ya baro shi wajen alkawarin taki. Ido ba ya ƙiftawa. Maigandi ya kaɗa masa hannu a fuska, ya juya ya sanar da jama'a:

"Shi ma ya daskare. A kawo garwashi."

Dariya ta fashe har da masu faɗuwa kan buhuna. Kanar bai yi ba. Ya shige ɗakin kwamfuta, hayaƙi ya mare shi, ya ga akwati lulluɓe da sallaya, ga kasko a gindinsa. Ya kira Titilope ya sa wayar a amsa-kuwwa. Ana jin kiɗa da kukan jariri a bayanta.

"Baba, mi kake gani?"

"Ina ganin an yi wa na'urarki wankan jego."

Ta yi salati. "A hidda wutar! A yaye mata ruhwa, a kunna sanyi, a rufe taga! Kar wanda ya taɓa ta sai ta huce."

Aka yi ta guje-guje. Inna Kulu ta ɗauke kaskonta tana cewa ita da ma ta faɗa. Da fankokin suka sassauta kuka, Titilope ta ce a kunna, kuma da zarar wani ɗan jeri ya bayyana a danna kibiyar ƙasa da sauri. Kanar ya ture hannun Nasrullahi ya danna da kansa, da yatsa ɗaya, kamar mai harbi.

"Baba, na sama shi ne sabon kanar, wanda Nasiru ya ɗora. Bai jitu da katin kyamarorinmu ba, shi ya sa da an kai gare su sai ya ƙame. Na ƙasa shi ne tsohon. Bai tahi ko'ina ba, yana nan yana jira. Shi za ka zaɓa."

Kanar ya tsaya da yatsa a sama. "Watau cikin akwatin ga akwai mai sunana."

"Awo, Baba. Shi ke ba kowa oda."

"Kuma tsohon ya hi sabon aiki."

"Nesa ba kusa ba."

Ya danna. Baƙi uku suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kyamarori suka kawo hoto, Maigandi ya yi ihu daga waje cewa tirela ta koma nauyin tirela. Sai wayoyin jama'a suka yi ƙara da tsohon saƙon nan a karo na ƙarshe, har da ta hannun Kanar: an sauke tsohon kanar, an ɗora sabo mai jini a jika. Ya karanta a hankali har ƙasa. A nan ne gashin bakinsa ya fara rawa, dariyar da yake dannewa ta ƙwace masa.

Ya fita tsakar injin ya ɗaga wayar sama. "Ɗiyata, maimaita abin da kinka ce, jama'a su ji."

"Na ce tsohon kanar ya hi sabo aiki!"

Aka ɗauki kabbara da tafi, maroƙi kamar zai tsage. Kanar ya dawo ya zaunar da Nasrullahi gaban madannai ya ce ya rubuta: "Tsohon kanar ya dawo bakin aiki. Sabon ya daskare." Nasrullahi ya rubuta, sannan a ƙasa, don hali ba ya barin mai shi, ya fara sa Injin...

"Goge," in ji Kanar. Ya miƙa tafin hannu, mabuɗin ɗakin ya koma inda ya fito.

"Ranka ya daɗe... batun sunan da ka ce za ka kira ni gaban jama'a..."

"Ai ka hutar da ni, ka naɗa kanka. Kuma wanda ka zaɓa ya hi Injiniya girma. Sa hannu: Sabon Kanar."

Haka saƙon ya shiga kowace waya daga Augie har Ambursa.

Da la'asar Nasrullahi ya lallaɓa tasha, ya ja hula har gira, hannu dafe da aljihun da aka ɗinka wa Injiniya. Bai kai ga motar ba 'yan kamasho suka jeru suka sara masa. Aka fitar da wani mai buhun albasa daga gidan gaba aka ce wajen manya ne. Ya zauna bai ce uffan ba, abin da ba a taɓa gani ba a wannan hanya. Amma da aka bar gari, iska ta ɗan bugi fuskarsa, sai ya ji harshen ya fara dawowa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ai in gaya muku gaskiya, da gangan na yi. Gwaji ne. Ni da Kanar mun daɗe muna..."

"Jama'a, iska ta yi yawa," in ji direba yana kallon titi. "A ɗaga gilashi, kar Kanar ya sake daskare muna."

Cikin wannan zafin, kowa ya kama marfin ƙofar da ke kusa da shi ya murɗa gilashi har sama, kuma ba wanda ya sauke har Birnin Kebbi.